Gyaren da Ya Yi Kuka Daga Rakoda

Yayana ya binne irin geronmu a busasshiyar ƙasa kwana ashirin da biyu kafin ruwa, saboda ya ji kukan gyare. Gyaren ba a kan icce yake ba. A cikin rakodar wani baƙo yake. Iri ya lalace. Ba na gari ranar, amma da hannuna a ciki.

Ƙauyenmu yana tsakanin Boɗinga da Shagari, nesa kaɗan da titi. Abu ɗaya aka san gidanmu da shi: sanin gyare. Ba tsanyar ɗaki nake nufi ba, ba kuma gyaren da ke haƙa rami a gona ana tonowa a gasa ba. Gyaren icce nake nufi, mai faɗin kai, ido ɗaya a kowane gefe, fiffike a kife a bayansa kamar jinka, wanda ke kuka da tsakar rana lokacin da kowane mai rai ya yi shiru. Ba ya cin ganye. Tsinke gare shi a baki, yana soka wa reshe ya sha ruwan icce. In ka kai hannu ya tashi, sai ya watsa maka ruwa a fuska.

Iri uku mahaifinmu ya koya mana. Sunayen na gidanmu ne, ban san yadda ake kiran su a wani wuri ba.

Akwai mai dogon numfashi. Babba ne, ya kai babban yatsa, launin toka, fiffikensa da ɗigo-ɗigo ruwan ƙasa. In ya lafe a jikin aduwa ba ka raba shi da ɓawo. Kukansa a miƙe yake, ba hawa ba sauka, har kunne ya gaji ya manta da shi. Da farkon bazara yake fitowa, kuma ba abin da yake faɗi sai zafi. Akwai mai wasa lauje, ƙarami, baƙi, cikin sabara da geza yake zama, kukansa gajere-gajere kamar ana goga lauje a dutse. Sai damina ta zauna yake zuwa, ba mai kula shi.

Na uku shi ne ɗan aike. Bayansa kore-kore ne, fiffikensa garai ba ɗigo ko ɗaya, in ka juya shi cikinsa ja ne kamar goron da aka tauna. A tsamiya kaɗai muke samun sa. Yana fara kuka ƙasa-ƙasa, ya hau, ya tsinke sau uku, sannan ya zube kamar an juye tsakuwa a kwano. In ya yi kuka, ruwan shuka ba ya wuce kwana bakwai. A ranar ake binne, wato a sa iri a busasshiyar ƙasa ya jira ruwa. Wanda ya binne a kan lokaci geronsa na riga na kowa nuna. Wanda ya yi da wuri ya ciyar da tururuwa da zabi.

Tsohonmu bai taɓa buɗe tulun iri don ya ji kuka kawai ba. Sai ya je gindin tsamiyar bayan gari ya ga ƙananan ramukan da suka fito ta ciki. Sai ya ga rigunan da suka tuɓe manne a jikin iccen, busassu, a tsage ta baya. Sai ya kama ɗaya ya juya ya ga jan cikin. Daga nan yake ɗaukar sungumi, kuma in ya ɗauka rabin gari na bin sa. Da ya rasu yaya ya gaji gandu, ya gaji wannan magana. Yaya kunne gare shi, ya fi ni nesa. Ni ido ne nawa.

Baƙon ya fara zuwa da bazarar shekarar zaɓe. Motocin jam'iyya na wucewa zuwa Shagari da tutoci da lasifika, kuma duk wanda ya sauko daga titi da takarda a hannu akwai abin da yake so a wurinka. Shi a kan babur ya zo, da raga mai sanda, da kwalabe, da rakoda a rataye. Bahaushe ne, amma Hausarsa ta gabas ce. Ya ce daga wata makarantar gwamnati yake, ƙwari yake nazari. Maigari ya sa aka kira ni.

«Ranka shi daɗe, mi zan yi mai?» na ce.

«Ka nuna mai gyare,» in ji maigari. Ya jira baƙon ya je wajen baburinsa, sannan ya rage murya. «Ka kuma duba mini abin da shika dubawa. Mutum ba shi barin birni shi zo rana wagga don ƙwaro.»

Kwana goma sha ɗaya ina bin sa. Ya iya tafiya, bai iya tsayawa ba. Gyare ba a bin sa, jiran sa ake yi, kuma in ka nufe shi kai tsaye sai ya zagaya bayan reshe. Na koya masa ya miƙa hannu ɗaya ta gaba yana kaɗawa, ya kawo raga ta baya. Duk wanda muka kama sai ya sa a kwalba, ya mutu, ya soke shi da allura a kan allo mai taushi, ya buɗe fiffiken. Sannan ya rubuta. Ba ƙwaron kaɗai yake rubutawa ba. Yana tambayar sunan iccen, da gonar wa, da inda ta kalli gabas. Wannan ne bai yi mini ba. Mun riga mun ji labarin garuruwan da aka je aka auna gonaki ana murmushi, bayan shekara ruwa ya rufe su. Don haka in ya tambayi mai gona sai in ce ya mutu. Na kashe masa mutum bakwai masu rai.

Ya nuna mini abu ɗaya da ban sani ba. Ya juya mai dogon numfashi, ya ɗaga wasu marufai biyu a ƙasan cikinsa da bakin allura, ya ce daga nan kukan ke fita, ba daga baki ba, ba daga fiffike ba. Ya ce namiji ne kaɗai ke da su.

«Macen fa?»

«Ba ta kuka. Saurare take yi, ta zaɓa.»

«Ashe a gidansu maigida ka surutu,» na ce.

Ya yi dariya har ya yar da allurar. Ni ban yi ba. Haushi na ji, baƙo ya san abin da tsohonmu bai sani ba.

A rana ta tara ɗan aike ya fito. Muna gindin tsamiya, ramuka a ƙasa kamar an soka tsinke, riguna a jikin icce har sama. Da ya fara kuka baƙon ya ɗaga sandar rakodarsa sama, bai motsa ba har kukan ya zube. Ya ce bai taɓa jin irin wannan ba. Na kama masa biyu. Na nuna masa koren baya da jan ciki. Wannan ban ɓoye ba, ido na iya gani.

Washegari da safe gari ya watse cikin gonaki da sungumi. Ya tsaya yana kallo.

«Malam,» ya ce da ni, «jiya ƙwaron nan ya yi kuka, yau kowa na shuka. Akwai abin da ya haɗa su?»

«Babu.»

«To me ya fito da mutane rana ɗaya?»

«Hadari munka gani.»

Ya ɗaga kai. Sama fes, ko girgije ɗaya babu. Ya dube ni, ya rubuta wani abu. Ya sake tambaya da rana. Ya sake ranar da zai tafi, yana ɗaure kaya a babur. Amsata ɗaya ce. Ga lissafina a lokacin: abin da mai takarda ya sani a kanka, da shi zai kama ka. In sun san ƙwaro ke faɗa mana ruwa, ko su zo da maganin fesawa su kashe shi don mu koma jiran bakinsu, ko su kwashe shi a kwalba. Kuma maganar ta gidanmu ce. Na gaya wa maigari abin da na yi, ya ce na yi daidai.

Daminar ba ta yi ba. Ruwa ya ɗauke gero na fitar da kai. Abin da muka girbe bai kai rabin na bara ba. Ana cikin haka soja suka karɓe mulki, tutocin titi suka ɓace. Kafin wata bazara rumbunmu ya koma ɗakin ɓeraye, su ma suka bar shi. Muna cin dusa da busasshen tafasa, wani lokaci garin rogo in an samu.

Abin da ya rage shi ne iri, tiya shida, a cikin tulu, an gauraya da toka an liƙe baki da laka, a ƙarƙashin gadon Inna. Gero ne mai gashi, na kakanmu. Tsuntsu ba ya son sa, kuma yana nuna da wuri. Ba a sayar da irinsa a kasuwar Shagari ko ta Boɗinga. A gidanmu yake, da gidaje uku da suka karɓa daga gare mu. Mu huɗu ne manya a gidan: ni, da yaya, da matarsa, da Inna. Kowa ya san inda tulun yake, kowa na jin yunwa. Kullum da safe in na shiga gaishe da Inna sai in sunkuya in duba laka. Wata rana na tarar da yaya a sunkuye yana dubawa.

Aka ce ana sayar da masara a layi a Boɗinga. Na tafi a ƙasa. Kwana biyu na yi, soja ɗaya da bulala yana daidaita mu, na dawo da abin da bai cika hula biyu ba. Da hantsi na iso. Tun daga hanya na ga sawun sungumi a gonarmu, layi-layi har iyaka. A tsakar gida tulu na kwance, baki a buɗe.

«Wa ya buɗe tulu?»

«Ni na,» in ji yaya. Yana zaune yana gyara ƙotar sungumi.

«Don mi?»

«Ɗan aike ya yi kuka shekaranjiya da azahar. Har sau huɗu. Inna ta ji, liman ya ji. Jiya munka binne, mu da gidajen nan uku.»

«Ka gan shi?»

«Kurma ka neman gani. Kunnena bai taɓa ba ni kunya ba.»

«Riga fa? Ka ga riga?»

Ya ajiye sungumin. «Kai ƙanena kake ko alƙali? Ka tahi kwana biyu ka dawo da abincin kaza, kana tuhuma ta?»

Na ajiye masarar na fita. Gindin tsamiya ƙasa ta yi tauri kamar gindin tukunya. Ba rami ko ɗaya. Na zagaya iccen sau uku ina shafa ɓawo. Ba riga. Na zauna har la'asar ina saurare. Mai dogon numfashi kaɗai ke yi daga aduwar can nesa.

Abin da ya fara zo mini shi ne yaya ya sayar da irin, ya ja sungumi a gona don ya rufe. Na shiga gonar na tona rami da yatsa. Ga iri nan, da tokarsa. Na tona wani can tsakiya, na tona na ƙarshen layi. Duk akwai. Na ji kunya, amma ba ta daɗe ba. Na koma tsamiya ina duban ƙasa, yanzu ba rami nake nema ba. Ta bayan iccen, ɓangaren da ba a hangowa daga gari, na ga sawun tayar babur. Kusa da shi ga mataccen batir an yar.

A bakin titi aka ce mai ragar ƙwari ya sauka a Dandin Mahe. Da asuba na kama hanya da sandata. Na same shi a inuwar wata darbejiya yana jera allurai. Ya rame shi ma. Da ya gan ni ya miƙe da murna.

«Malamina! Na je garinku, wani makiyayi ya ce ka tafi Boɗinga. Ban ma shiga ba, a tsamiya na tsaya.»

«Mi ka yi a tsamiya?»

«Gwaji. In ka kunna kukan namiji, in akwai wasu a iccen sai su amsa. Na kunna na bara, na ƙure murya. Ba wanda ya amsa. Ba su fito ba tukuna, sai na wuce.»

«Sau nawa?»

«Huɗu, ina ji. Lafiya?»

Ya danna rakodar don in ji. Ɗan aike ya fara ƙasa-ƙasa, ya hau, ya tsinke sau uku, ya zube. Ba abin da ya raba shi da na icce. Ko tsohonmu da yana bayan danga da ya ɗaga kai. Bayan ya zube na ji wani ya yi tari a ciki ya ce, «Shi na, wanga shi na.» Muryata ce ta bara.

Na riƙe wuyan rigarsa. Na ce ya kashe mana iri. Bai gane ba. Sai na gaya masa, a tsaye, hannuna a rigarsa, abin da na hana shi bara: kwana bakwai, binne, tulu, gidaje huɗu. Ya zauna a ƙasa, ni ma dole na sake shi.

«Na tambaye ka,» ya ce. «Sau uku na tambaye ka.»

Ya ture rakodar gefe.

«Da ka ce mini kalma ɗaya, wallahi da ko batir ban sa mata ba a kusa da garinku.»

Ya ce zai bi ni ya yi wa mutane bayani. Na ce in ya shiga garinmu ba zai fito da ƙafarsa ba. Ya ce zai nemo iri. Na ce ya riƙe abinsa. Na ɗauki sandata na juyo.

A gida na gaya wa yaya gaban Inna. Ban rage ba, har da tambaya uku da abin da na amsa. Na jira ya tashi. Bai tashi ba.

«Da ka hwaɗa mai bara,» ya ce, «da na ce ka sayar da gida.»

Ni ma akwai abin da zan iya cewa, a kan taku ɗari biyu da ke tsakanin ƙofarmu da tsamiya, waɗanda bai taka ya je ya duba ba. Ban ce ba. Ya san shi.

Inna ce ta tashi. Ta shiga ɗaki ta fito da rariya biyu da faifai.

«Ku ƙare zancen a gona,» ta ce. «Abin da kunka sa da hannu ku cire da hannu.»

Kwana uku muna bin layi. Ka gano rami, ka kwashe rairayin da tafin hannu, ka zuba a rariya, mata su tankaɗe su sheƙe. Tururuwa ta riga mu wurare da yawa, har ta yi hanya. Makwabta suka tsaya kallo ranar farko, wani ya ce gidan masu gyare sun koma tankaɗen ƙasa, ko tuwonta za a yi. Rana ta biyu gidaje ukun nan suka fito da nasu rariyoyin, ba wanda ya gaishe mu. Daga tiya shida mun tsamo abin da ya cika ƙaramin kwano da rabi, rabinsa tsakuwa. Rana ta huɗu aka yi yayyafi, wanda ya jiƙa saman ƙasa kawai. Sauran irin da ba mu kai gare shi ba ya tsiro, gona ta yi kore siriri. Kwana biyar rana ta ƙone shi tas.

Bayan wasu kwana biyar na ga ramuka a gindin tsamiya. Na ga riguna. Da azahar ya yi kuka. Na kama ɗaya na juya, ciki ja. Na kawo wa yaya a tafin hannu. Bai duba ba. Ya ce in yi yadda na gani. Na ɗauki sungumi na fita ta tsakiyar gari, ba wanda ya biyo ni. Kwana shida ruwa ya sauka.

Baƙon ya aiko da iri ta hannun maigari, rabin buhu, an rina shi ja da magani. Shi bai zo ba. Aka raba wa gidaje huɗun. Na ƙi taɓawa da farko, na jiƙa kaɗan a tsumma na ga ya tsiro, sannan muka shuka shi a babbar gona. Namu na kwano na shuka a bayan gida, kusa da rijiya. Ruwa ya sake ɗaukewa da wuri. Jan irin bai ba da abin kirki ba, kuma ba na ce namu zai fi shi a wannan shekara ba. Na bayan gida da guga na raine shi, safe da yamma, har rijiya ta fara ba da laka. Ya ba da dami ɗaya, bai cika ba. Inna ta sa aka rataye shi a ɗakinta, ta ce wanda ya taɓa ba ta yafe ba. Ta rasu kafin wata damina, damin na rataye a kanta.

Yaya ya tafi ci-rani kudu da matarsa a ranin nan. Bai dawo zama ba. Can ya rasu. Tun daga ranar tulu har ya tafi ban sake jin kalmar gyare a bakinsa ba.

Baƙon ban sake ganin sa ba. Ba wanda ya zo ya auna gonarmu, ba wanda ya fesa wa tsamiya magani. Wataƙila ƙwari kaɗai ya zo nema. Har yau ban rantse ba.

Yanzu ina Boɗinga, a gidan ɗana, ina zama a rumfar albasarsa. Gonar ƙauye tana nan, kuma geron mai gashi da ake shukawa a cikinta daga damin nan ya fito. Kunnena ya daina jin gyare, ko mai dogon numfashi ba na ji. In bazara ta yi nisa ana kai ni tsamiya a babur in duba ƙasa in shafa ɓawo. Tulun iri a ƙarƙashin gadona yake.